FILIN MANOMA: Zaɓen Bindiga da Harsashi a Ƙasar Gumel

Kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, an kakkaɓe riɗi, zoɓo kuma yana kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Maigatari. Yanzu ne hannun manomi ya ke sakewa, yanzu ne kuma a kan ji zancen farauta a kowace majalisa, tun daga Sule Tankarkar har Gagarawa. Da can zancen na dattawa ne da maharba. Yau kuwa samari sun shigo ciki, gama suna ganin mutanen Amurka da na Turai a cikin waya suna harbin namun daji daga nesa da dogayen bindigogi masu madubi, sai gardama ta tashi a kan wace bindiga ce ta fi, wane harsashi ne kuma ya fi ka da barewa.

Gardamar ba ta banza ba ce. Wanda ya yi kuskure wajen zaɓen irin shuka, damina guda ya yi hasara. Wanda ya yi kuskure wajen zaɓen bindiga yana iya hasarar kuɗin riɗinsa na shekara, ko yatsunsa, ko ya sami kansa a gidan yari, ko kuwa, Allah ya kiyaye, ya ɗauki ran ɗan maƙwabcinsa. Saboda haka ya kamata a bi maganar daki daki.

Da farko dai, naman da a ke gani a cikin hotunan nan ba barewarmu ba ce. Wata dabba ce dabam, mai ƙaho da rassa kamar itace, wadda ta kan zubar da ƙahon kowace shekara wani ya tsiro. Babu irinta a Nijeriya ko a Nijar. A duk faɗin Afirka ma ba a samunta sai a duwatsun arewa, wajen Aljeriya da Tunisiya da Maroko. Masu fassara ne suka rasa sunan da za su ba ta, suka ce barewa. Manyanta su kan yi nauyin jaki ko su fi. Barewar Sahel kuwa, mai jan goshi da baƙin zane a haƙarƙari, ba ta cika wuce kilo 20 zuwa 35 ba, watau kamar matsakaiciyar akuya, gada kuma ba ta kai ta ba. To, ashe bindigar da aka ƙera domin wancan nama, a wancan daji, ba lalle ne ta dace da wannan ba.

Maharbi na ƙwarai ba ya fara tambayar wace bindiga ce ta fi ƙarfi. Abin da ya kan fara dubawa shi ne, wane nama zai harba, daga wane nisa, mene ne kuma a bayan naman in harsashi ya wuce. Tambayar nan ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi a ƙasar Gumel, za a komo kanta.

Bindigogin farauta iri uku ne. Akwai ta gargajiya wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki, wadda waɗansu ke kira adaka, waɗansu baushe, waɗansu kuma harba-ka-ruga. Akwai mai watsi, watau mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda a ke karya ta a sa mata kwanso cike da ƙananan ƙwayoyin darma. Sa'an nan akwai raifil, mai harsashi ƙwaya ɗaya. Bambancin raifil da sauran yana cikin bututunta. In an leƙa za a ga an yi masa zane a murɗe tun daga gindi har baki. Zanen nan shi ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, juyawar kuma ita ke hana shi karkata, har ya tafi nesa bai bar saiti ba. Bututun mai watsi kuwa sumul ya ke, ƙwayoyin suna fita su bazu.

Lambobin da a ke ji, kamar .22 da .243 da .270 da .303, ba kome ba ne illa awon faɗin ramin bututun, ko kaurin harsashin, a ma'aunin inci. Watau .22 bai kai rubu'in inci ba, .303 kuwa ya ɗan gaza sulusin inci. Mutanen Turai su kan yi awon da milimita, shi ya sa a ke jin 7.62 ko 9. Amma faɗi kaɗai ba ya nuna ƙarfi. Ƙarfin harsashi yana fitowa ne daga nauyinsa da gudunsa, gudun ma ya fi nauyin tasiri. Ga misali: ƙaramin harsashin .22 da a ke harbin zomo da shi nauyinsa wajen giram 2 da rabi ne, yana gudun kamar ƙafa 1,200 a sakan guda. Na .243 Winchester, wanda aka fito da shi a 1955, kaurinsu kusan ɗaya ne a ido, amma nauyinsa giram 6 da rabi, gudunsa ya kusa ƙafa 3,000 a sakan. In an yi lissafi, bugunsa ya ninka na .22 wajen sau 15. Wanda ya dubi ramin bututu kawai ya ce ai duk ɗaya ne, ya yi aikin wanda ya sayi doki don launinsa.

Ƙasashen da suka daɗe da tsara farautar irin wannan nama sun yanke ƙa'ida a kai. A Ingila doka ta ce kada a harbi galibin irin barewarsu da raifil ɗin da faɗinta bai kai .240 ba, har da wata ƙaramar iri wadda nauyinta bai wuce na barewar Sahel ba. Dalili kuwa shi ne tausayin dabbar. Ƙaramin harsashi ya kan shiga jiki bai kai ga zuciya ko huhu ba, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wani wuri bayan kwana biyu ko uku, ungulu su ci. Ba maharbi ya samu ba, ba daji ya tsira da abinsa ba. Bisa ga wannan awo, in ana maganar ƙarfi kaɗai, .243 ta isa barewa da gada, .270 Winchester ta 1925 kuma ta isa har mugun dawa. Abin da ya fi haka ɓarnar nama ne da ciwon kafaɗa, gama babbar bindiga tana shuri, wanda kuma ke tsoron shurin bindigarsa ya kan runtse ido kafin ya ja kunama, ya kuskure.

To, amma kafin a kai ga kanti akwai doka a tsaye bakin ƙofa. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Kashi na fari su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. A cikinsu akwai bindiga mai sarrafa kanta, da fistol, da raifil irin ta soja, dokar ma ta ambaci awonsu: milimita 7.62, da milimita 9, da inci .300 da .303. Tsofaffin sojan da suka je yaƙin Bama sun san .303 sarai, ita ce Lee-Enfield da suka saɓa a kafaɗa, har yanzu kuma a kan ji jikokinsu suna yabonta. Yabo dai ba laifi, amma ba ta manomi ba ce. Wanda aka kama da bindiga ta wannan kashi ba da izini ba, ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10.

Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya riƙewa da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda: mai baki ɗaya, da mai baki biyu, da raifil ta farauta wadda awonta bai faɗa cikin na soja ba, da bindigar iska. A lura, mai watsi wadda ke ɗora wa kanta kwanso, ko wadda a ke ja mata hannu gaba da baya ta ɗora, ba ta cikin wannan kashi, ko da shi ke ana ganinta a hannun mutane. Riƙe bindiga ta kashi na biyu ba lasin yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki, maganarsu kuma tana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha da yardar Gwamna, watau ga mutumin Gumel sai a nemi bayani a Dutse. Ba a ba yaron da bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Harsashi ma sai mai lasin ke da ikon saye da ajiyewa. Har wa yau, a watan Agusta na 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin saboda yawan makamai a ƙasa. Don haka kada kowa ya ba da kuɗinsa ga mai sayarwa tukuna, sai ya je ofishin 'yan sanda ya ji inda maganar ta tsaya. Bindigar da aka ce an tsallako da ita daga iyaka da araha, arahar nan ita ce tsadarta.

Lasin riƙon bindiga kuma ba shi ne izinin farauta ba. Wannan dabam ne, yana ƙarƙashin Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, da kuma dokar Tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Ma'aikatan gandun daji su ne za su faɗa wa mutum abin da aka hana da abin da aka bari. Wanda kuma ya bi sawun nama daga Maigatari ya tsallaka ƙasar Dungas ko Magarya, ya sani ya shiga hannun wata hukuma. Nijar tana da tata dokar farauta ta 1998, takardar Nijeriya kuwa ba ta aiki a can.

Yanzu a komo ga tambayar nan ta abin da ke bayan nama. Ƙasar Gumel shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ne da jigawa, ba dutse, ba kurmi. Bayan girbi mutum ya kan tsaya a gonarsa ya hango rimin wani gari. Harsashin .243 ko .270 in ya kuskure nama, ko ya huda shi ya fita, yana iya tafiyar fiye da mil 2, har ya doshi 3, yana ɗauke da ajali. Ko ɗan ƙaramin .22 da a ke rainawa ya kan wuce mil guda, masu ƙera shi ma suna rubuta gargaɗin haka a jikin kwalinsa, ga shi kuma da halin tsalle in ya bugi busasshiyar ƙasa. A ƙasashen da a ke harbi da raifil, maharbi ya kan hau bisa itace ko wani dandamali domin harsashinsa ya nufi ƙasa, ko kuwa ya jira sai naman ya tsaya a gaban tudu. To, a tsaya a tsakiyar gonakin Sule Tankarkar a auna mil 3 ta kowace fuska. Ƙauyuka nawa ne a ciki? Rugage nawa? Ga yara masu kiwo, ga mata masu itace, ga amalanke a kan hanya, ranar Alhamis kuma ga garkunan shanu da raƙuma sun nufi kasuwar Maigatari. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin nan huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sun tashi mutum kusan rabin miliyan, yau kuwa sun fi haka nesa. Da wuya a sami fuskar da za a juya bakin raifil a ce lalle ba kowa.

Sa'an nan ina barewar ta ke? Dattawa suna ba da labarin zamanin da a kan ga garkenta a bayan gari, amma noma ya cinye saura, farin 1973 da na 1984 sun yi nasu, bindiga da mota kuma suka ƙarasa. Masana dabbobi na duniya sun sa barewa mai jan goshi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa. 'Yar wadda ta rage, in an yi sa'ar ganinta, ta fi amfani a tsaye, gama ɗa guda ta kan haifa a ciki ɗaya, ba kamar zomo ba. Sayen raifil domin barewa a ƙasar Gumel yau, sayen guga ne domin rijiyar da ta ƙafe.

Abin da manomi ke gamuwa da shi a gona ƙananan abubuwa ne: zabin daji da fakara masu tone iri bayan shuka, hasbiya da kurciya, zomo mai cin wake, wani lokaci jan biri, ko dila mai ɗaukar kaji. Duk waɗannan aikin mai watsi ne, daga kusa. Ƙananan ƙwayoyinta ba su wuce yadi 300 sun faɗi ƙasa, kafin nan ma ƙarfinsu ya ƙare. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ta fi dacewa da ƙasa mai yawan jama'a. Jan-baki kuwa, masu sauka kan gero dubu dubai, ba a maganinsu da bindiga ko wace iri ce. Kwanso guda ya fi tsuntsayen da zai kashe tsada. Wannan aikin gwangwani ne da majajjawa da ihun yara, in abin ya yi yawa kuma a kai rahoto ga malaman gona.

Awon mai watsi dabam ya ke da na raifil, ya kan kuma rikita mutane, domin a nan ƙaramar lamba ita ce babban baki. Asalinsa, in an ɗauki darma laba guda aka raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, kaurin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakin bindiga mai lamba 12. In an raba 20, an sami mai lamba 20, wadda ta fi ƙanƙanta. Mai lamba 12 ita ce ta fi yawa a Nijeriya, kwansonta kuma shi ya fi sauƙin samu wurin dillalai masu izini. Wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓenta, gama bindigar da ba a samun abincinta sanda ce. Mai baki ɗaya ta fi araha da sauƙin ɗauka, ba ta da abin lalacewa da yawa, tana kuma koya wa mutum haƙuri, tun da ya san harbi ɗaya gare shi. Mai baki biyu ta fi ta ga tsuntsu mai tashi.

Inda maharba da yawa ke kuskure shi ne wajen ƙwayar da ke cikin kwanso. Kowane kwanso da lamba ko harafi a jikinsa. Bisa ga awon Ingila, a cikin oza guda ta darma lamba 6 tana da ƙwaya wajen 270, lamba 4 wajen 170, BB wajen 70, AAA wajen 35, SG kuwa 8 kacal. Lamba 6 ta kurciya ce da hasbiya da fakara. Lamba 4 ta zabo ce da zomo, gama gashin zabo yana da kauri. BB ta dinya ce da dila. AAA da SG su ne na nama mai ƙafa huɗu kamar gada, daga kusa ƙwarai. Mutane da yawa su kan sayi AAA su harbi kome da ita, wai ta fi ƙarfi. Amma ƙwaya 35 in sun bazu a yadi 40, fakara tana iya wucewa ta tsakaninsu ba wadda ta taɓa ta, ko kuwa ɗaya ta karya mata ƙafa ta tafi. Haka kuma wanda ya harbi gada da lamba 6, fata kawai ya yayyaga mata. A tuna kuma manyan ƙwayoyi suna tafiya nesa fiye da ƙanana, har ninki biyu, saboda haka SG tana bukatar a duba bayan nama kamar yadda raifil ke bukata.

Iyakar mai watsi yadi 35 zuwa 40 ne ga tsuntsu, ga gada kuwa kada a wuce 25. Kowa yana iya gwada tasa. A sami babban kwali, a kafa shi a gaban tudun rairayi inda ba kowa, a zana da'ira mai faɗin inci 30, a koma baya taki 40 a harba. Sa'an nan a ƙirga hujin da ke cikin da'irar. Bindiga mai matsattsen baki ta kan zuba kamar kashi 70 cikin 100 a ciki, mai sakakken baki kuwa kamar kashi 40. Gwajin nan zai nuna kuma ko tana kai wa sama ko ƙasa ko gefe. Kwanso biyu ko uku da aka kashe a kan kwali sun fi goma da za a zubar a daji ana zargin sa'a.

Abu biyu ke fasa mai watsi a hannun mai ita. Na ɗaya, sa mata kwanson da ya fi ɗakinta tsawo. Akwai na inci 2 da rabi, da na 2 da rubu'i uku, da na 3, an kuma buga awon a jikin ƙarfen, kusa da inda a ke karya ta. Dogon kwanso yana shiga gajeren ɗaki lafiya lau, sai an harba ya rasa wurin buɗewa. Na biyu, toshewar bututu. Kwanson lamba 20 in ya shiga bindiga mai lamba 12 ya kan zurma ciki ya maƙale, mutum ya ga kamar ba kome ya ɗora wani a bayansa. Rairayi ma ya kan toshe baki in an dogara ta a ƙasa, zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa a bututun da aka rataye aka manta. A karya ta a leƙa kafin a ɗora, kullum.

Adaka fa? Ita ce ta kakanni, ba kuwa za a raina ta ba. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmark, domin su ne suka yi suna wajen sayar da irinta a bakin tekun Afirka ta Yamma. Maƙwabtan Gumel na arewa ma sun san ta tun da daɗewa, gama Sarkin Damagaram Tanimun ya shahara a ƙarni na 19 da tara bindigogi, har ana yi masa albarushi da igwa a Zinder. A hannun maharbin da ya san awon bindigarsa, ya iya saɓo har ya matso yadi 20, tana cika tukunya. Aibinta shi ne ba wanda ya gwada ƙarfin bututunta. Bindigar kamfani sai an harba ta da ɗuri mai tsanani a gidan gwaji an buga mata hatimi kafin a sayar. Wadda aka yi da bututun famfo kuwa, hannun mai ita shi ne gidan gwajin. Mafi haɗari shi ne abin da waɗansu ke yi na farke kwanson zamani su juye garinsa a cikin adaka. Garin nan ba albarushi ba ne, ƙarfinsa ya ninka, ya kan tsaga bututu ya tafi da yatsu ko ido. Haka ɗura mata ƙusoshi da gutsattsarin ƙarfe: ba su tafiya daidai, suna raunata nama su bar shi, suna kuma cin bututun daga ciki. Ƙera bindiga ba da izini ba ma laifi ne a dokar 1959.

Maganar kashe nama da kyau ba ta Turawa kaɗai ba ce. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamai, ya nuna farauta domin wasa makaruhi ce, domin bukata kuwa halal. A kan ambaci sunan Allah sa'ad da za a saki harbi, in kuma an tarar da naman da sauran rai sai a yanka. Game da abin da harsashi ya kashe kafin a iso, malaman Malikiyya na baya sun yi saɓani, da yawansu suka halatta, domin harsashi yana hudawa ya zubar da jini. Mai son tafsili ya tambayi malaminsa. Abin da ya shafi wannan fili shi ne, harbi daga nesa da ƙwayar da ba ta dace ba shi ke sa nama ya ɓace ya mutu a ɓoye, ya tashi daga abinci ya koma mushe. Ga nama mai ƙafa huɗu a kan auna bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu su ke, a lokacin da ya ba da gefe. Ba a auna kai, gama ƙarami ne kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuskure kaɗan sai a karya muƙamuƙi dabba ta mutu da yunwa. Ba a harbin abin da ba a gani sarai ba. Motsin ciyawa ba nama ba ne, idon da ya haska a fitila da dare kuma yana iya zama na ɗan maraƙin Fulani.

Darma kanta guba ce. Mutanen Arewa sun ga haka a Zamfara a 2010, sa'ad da ƙurar darma daga dutsen zinariya ta kashe yara ɗaruruwa. Ta cikin kwanso ba ta kai wannan yawa ba, amma a tsince ƙwayoyin daga nama, a yanke inda suka bi a yar, musamman in yara da masu ciki za su ci. Kada kuma a bar yaro ya yi wasa da su ko ya sa a baki. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da darma tun 1991, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka hana a fadamunsu a 2023, domin agwagi su kan tsince ƙwayoyin da suka nutse a laka su mutu. Masu gangarawa fadamun Hadejia da rani su san wannan, su kuma san dajin Baturiya wurin da aka keɓe ne domin tsuntsaye, ba a farauta a ciki.

Lokacin harbi shi ne rani, daga bayan girbi zuwa kafin bazara ta yi nisa. Da damina zabi suna kan ƙwai, namun daji suna da 'ya'ya, gero ya yi tsawo ya rufe mai noma, ba mai iya sanin abin da ke bayan kara. Cinna wa daji wuta domin a kori zomo kuwa, hasarar harawa da ciyawar da za ta ƙone ta fi kuɗin zomayen ƙasar duka.

Ƙurar hunturu tana cin ƙarfe in ta haɗu da mai, saboda haka a goge bututu bayan kowace fita, a shafa mai kaɗan, ba mai yawa ba. A ajiye bindiga ba kome a cikinta, a kulle, kwanso kuma a wani wuri dabam inda yara ba su kai wa, nesa da murhu da zafin rana. Ba a ba da aronta, ko ga ɗan'uwa, domin lasin na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Lasin kuma na shekara ne, yana ƙarewa ran 31 ga Disamba. Wanda ke da shi ya duba takardarsa tun yanzu, kafin Sarkin Baka ya sa ranar fita.